Tukunyar Aro

Yau tara ga Janairu a Gadarif.
Kirsimeti biyu sun wuce ta kanmu,
namu na Disamba, da na Kibɗawa da Habashawa
wanda ya iso daga baya
kamar baƙon da ya tsaya gaishe-gaishe a hanya.
Saura shara, da mai da kayan mutane.

Tiya ya ɗaure kujeru a amalanken jaki,
talatin da ɗaya, guda ta rasa ƙafa.
Tauraron kwalin da yara suka rataya a rumfar coci
ya karkace, ba wanda ya gyara.
Ni kuwa ga littafin ma'aji a cinyata,
ina neman inda lissafi ya kuɓuce mini.

Mutum arba'in na rubuta.
Shinkafa mudu goma sha biyu, akuya guda, ita ma ramammiya.
Da aka shafa Amin na ɗaga kai,
sai ga mutanen Madani da na Khartum a bakin ƙofa,
waɗanda yaƙi ya sauke a azuzuwan makaranta,
sun wanke rigar da suka gudo da ita, sun sa.
Na ƙirga har tamanin, na bari.
Na zaga bayan rumfa na ce, Ubangiji,
ka dai ga ludayina.

Ban ga sama ta buɗe ba.
Abrehet ce ta shigo da faifan injera a ka.
Jirjis mai shagon magani, da sauran azumi a bakinsa,
ya aiko da buhun gurasa.
Sai kisra ta tsallako katanga tana tururi, ba sallama,
daga gidan da nake jin motsin buta da asuba.

Gidan Gwaggo Mastura ke nan.
Kakanta ya baro Haɗeja da ƙafa, Makka za shi,
gonar riɗi ta riƙe shi a nan har ya tsufa.
Hausarta ta jiƙu da Larabci,
tawa tana ƙamshin Wusasa, muna dai gane juna.
Tukunyar da muka ɗora ma tata ce,
ta sunan jikoki da buɗa-bakin unguwa.

Ɗazu na goge ta da toka.
A gidanmu an hore ni, ba a mai da kwanon mutane wayam.
Na duba ɗaki, ba sukari, ba ko salar sabulu,
albashin asibiti tun Nuwamba shiru.
Haka na ɗauka, kunya ta fi tukunya nauyi.

Ta ɗaga murfi, ta leƙa.
"An cinye?" Na ce an cinye.
"Har ƙanzo?" Har ƙanzo.
Ta ce, "To, ai ita ma ta yi Kirsimeti."
Ta sa jika ya auno riɗi a kwano,
ta ɗora mini a ka, ta tura ni waje
tun godiya ba ta gama haɗuwa a bakina ba.

Shekara nawa ina jin wa'azin alheri?
Na haddace, na koya wa yara ran Lahadi
cewa kyauta ne, ba ladan aiki ba.
Amma can ciki 'yar adashe ce ni,
in zuba in kwasa, ƙwarya ta bi ƙwarya,
har Allah nake so in biya in huta.
Shi kuwa da ya zo, a komin aro aka kwantar da shi,
bai leƙa hannun kowa ba.

Littafin yana buɗe har yanzu.
A layin "daga wa" na rubuta: katanga.
Gobe zan yi kantun riɗi in kai makaranta.
Kwanon kuwa nata ne,
sai na sake komawa.